Yadda Ti Belmiro Ya Hau Ruwa da Ganga

Mu mutanen Vilar de Fragas, Allah ya ba mu dutse, ya ba mu iska, ya ba mu baki, amma ranar da ake rabon ruwa muna can gefe muna gardama. Ruwa mafi zurfi a garinmu shi ne kwamin da alfadarai ke sha a ƙofar coci, shi ma in rani ya yi sai ka ga gindinsa. Don haka duk wanda ya ce ya san teku, babu mai bakin ƙaryata shi. A wannan giɓi Ti Belmiro mai aski, wato Kawu Belmiro a bakinmu, ya kafa sarautarsa.

Shekara biyu ya yi a soja, a wani bariki na bakin teku, ya dawo da labarin da ya ishe shi shekara arba'in. Ya ga igiyar ruwa da ta fi hasumiyar cocinmu tsawo. Wani kyaftin ya taɓa tashinsa daga barci don ya nemi shawara. Matarsa Zulmira ta san dankali ya yi ta ferewa a ɗakin girki har aka sallame shi, amma mutumin da aska ke kan maƙogwaronsa ba ya cewa komai sai "haka ne, Ti Belmiro."

Bayan aski, shi ne mai babbar ganga a badujalar garinmu. Gangar nan ta girmi kowa a ƙungiyar. Fatar akuya ce, kakanninmu suka haɗu suka sa aka yi ta, da sunan gari a jikinta da jan fenti. Shekara talatin da ɗaya yana rataya ta a tumbinsa, kuma a duniya mutum ɗaya ne ya tsone masa ido: Amílcar mahauci, mai gangar Souto Seco, ƙauyen da ke tsallaken kwari. Gabarmu da Souto Seco ta daɗe har an manta mafarinta. Wasu sun ce akuya ce, wasu sun ce amarya. Mu dai mun gaje ta, muna kuma kula da ita fiye da gonakinmu.

To, sai ga takarda daga Aveiro: ana gayyatar badujalarmu bikin waliyyi, a zagaya gari da ƙarfe huɗu na yamma. Tunda aka kafa ƙungiyar ba ta taɓa wuce garuruwan maƙwabta ba. Murna ba ta gama sauka ba muka ji an gayyaci Souto Seco su ma.

Bas ta sauke mu da hantsi a bakin tafkin nan mai gishiri da ya kutsa har cikin gari. Ti Belmiro ya tsaya yana miƙa, sai idonsa ya faɗa kan ruwa. Mutane ne tsaye a kan wasu dogayen alluna, kowa da filafili a hannu, suna sulalawa kamar masu yawo a tsakar gida. Har da wata tsohuwa mai furfura, da ɗan karenta zaune a gabanta yana hamma.

Ya daɗe yana kallo. Sannan ya ja Zulmira gefe.

"Ke matar nan, ina 'yan Souto Seco za su ci abinci?"

"Can bakin gada, inda aka jera tebura. Me ya faru?"

"Yau zan kashe bakin Amílcar har abada. Suna tsakiyar cin abinci, sai su ji ganga daga cikin ruwa. Su ɗaga kai, su gan ni tsaye, ina tafe ina kiɗa. Jikokinsu ma sai sun ji labari."

Zulmira ta dube shi daga hula har takalmi. "Hannunka nawa?"

"Wace irin tambaya ce wannan?"

"Sandar tuƙin nan hannu biyu take ci. Gula hannu ɗaya. Na ukun a aljihu ka baro shi?"

"In tuƙa, in kaɗa, in tuƙa, in kaɗa. Abin da tsohuwa da kare suka iya?"

"Karen bai ce shi ya koya wa kyaftin aiki ba."

"Ke ba ki san ruwa ba."

"Na san wanda nake ɗora maka a wuta ran Asabar, kana ihu wai ya shiga maka kunne."

Ya jira Mestre Ilídio, shugaban badujala, ya ja mabusa zuwa gidan abinci, sannan ya lallaɓa ya ce wa direba zai ɗame fatar ganga. Direba ya buɗe masa wurin kayan bas, ya ɗauko ta. Zulmira ta bi shi a baya riƙe da jaka, tana cewa, "Wanda bai ji bari ba ya ji hoho. Ni dai zan zo ne don in san inda zan nuna wa masu nema."

Mai ba da hayar allunan wata mace ce, Natércia, rana ta gasa ta, damatsanta kamar na mai dakan sakwara. Ta ga dattijo cikin kakin badujala, da maɓallan tagulla da hula mai baki, da ganga a rungume.

"Senhor," in ji ta, wato yallaɓai, "biki can cikin gari ake yi."

"Allo nake so. Mafi gudu."

"Ka taɓa hawa?"

Ti Belmiro ya yi 'yar dariyar da yake yi wa yara. "'Yata, ina cikin teku tun ba a haife ki ba."

"To madalla. Duk da haka a durƙushe ake farawa."

"Ni a coci kaɗai nake durƙusawa, can ma da gwiwa ɗaya."

"Gangar fa, a nan za ta tsaya."

"Hoto kawai za a ɗauke ni da ita a bakin ruwa."

Zulmira ta buɗe baki, ya zare mata ido, ta rufe. Ta ce daga baya shirun nan ne zunubin da ta fi jin daɗinsa a rayuwarta.

Natércia ta cusa shi cikin rigar ceto mai ruwan lemo a kan kakinsa, ta ɗaure masa igiyar allo a idon sawu. Tana cikin nuna masa yadda ake riƙe filafili, sai ga wani ayarin baƙi jajaye su goma sha biyu, kowa da tambayarsa. Tana juya baya, Ti Belmiro ya rataya ganga, ya cije gula a baki, ya taka allo.

Abin mamaki, bai faɗi ba. Wannan ne ya cuce shi. Da ya faɗi a nan, inda ruwa bai kai gwiwa ba, da labarin ya ƙare da jiƙaƙƙen wando.

Allo ya sulale. A nan ya gano abu na farko: mai ganga a ciki ba ya ganin ƙafafunsa. Ya san suna can ƙasa, amma ko a tsakiya suke ko a baki, sai Allah. Ya tsoma filafili ta dama, don ta hagu ganga ta tare. Ya ja, ya ja, ya ja. Da ya ɗaga kai sai ya ga Zulmira. Ya sake ja, ya ga tulin gishiri can nesa, ya ga gidaje, ya sake ganin Zulmira.

"Sannu da dawowa!" in ji ta. "Yaya hanya?"

Ya so ya rama, amma gula na bakinsa.

Wasu tsofaffi biyu masu kamun kifi da ƙugiya suna zaune a kan dakali. Ɗaya ya ce, "Wannan me yake yi?"

"Alwashi ya yi wa waliyyi, ina ji. Zagaye bakwai."

"Ya yi tara."

"To laifinsa babba ne."

A zagaye na goma iskar teku ta taso, irin wadda ke tashi kullum da rana ta take tsaka, kowa a garin ya san da ita ban da baƙo. Ta sami ganga, fata shimfiɗe kamar an yi don ita, ta tura. Allo ya daina zagaye, ya miƙe sak cikin mashigin ruwan da ya ratsa gari. Hanyar da Ti Belmiro yake so ke nan daidai. Illa dai da baya yake tafiya.

"Kai mutumin nan, juyo!" Zulmira ta bi gefen ruwa da sassarfa. "Gabanka na bayanka!"

Ya gwada juyawa. Allo ya karkata, ya ga sama, ya ga ruwa, ya kira Maryamu da duk waliyyan da ya tuna ta cikin haƙora. Ya fasa. A ransa ya ce: Belmiro, jikan masu noman dankali, wa ya aike ka? Tsohuwar nan ma ashe karen ne ke riƙe da ita.

Sai ga wani dogon kwalekwale mai fenti, cike da 'yan yawon buɗe ido. Matuƙin ya daka tsawa, "Kai mai ganga! Dama! Bi dama!"

Ti Belmiro ya buɗe baki ya ce, "Damar wa?" Gula ta suɓuce. Ya kai hannu ya cafe ta a iska, cafiyar da ko matashi sai ya yi alfahari da ita. Sai dai hannun da ya cafe shi ne ke riƙe da filafili. Filafili ya faɗa ruwa, ya bi shi da kallo yana tafiyarsa a hankali, ba ko sallama. Kwalekwale ya gifta, igiyar ruwansa ta ɗaga allo ta sauke, ta ɗaga ta sauke. Hularsa ta bi filafili. Baƙi suka ɗaga wayoyi.

Yanzu ba abin tuƙi, ba birki, ba hula, sai sanƙo a rana. Abin da ya rage masa a duniya ganga ce da gula. Ya tuna a garinmu in gobara ta tashi a daji, bugu uku-uku ake yi. Ya ɗaga hannu: dum, dum, dum! Dum, dum, dum!

Mutanen Aveiro ba su san kiran gobararmu ba. Suka ɗauka biki ya fara. Tagogi suka buɗe. Masu shan kofi suka taso da kofunansu. Wata mai sayar da alewar ƙwai ta fito da ludayi tana buga shi a tire. Ya ƙara ƙarfi don su gane yana cikin masifa, suka ƙara tafi. Wasu 'yan mata suka kama hannu suna rawa a gefen ruwa.

"Ku taimake shi!" Zulmira na haki. "Mijina ne, bai iya ruwa ba!"

"Bai iya ba yake wannan?" in ji wani. "Uwargida, kin yi dace da miji!"

Maganar nan ta faɗa kunnen Ti Belmiro, ta yi masa abin da giya ba ta taɓa yi masa ba. Ya dubi dama, mutane. Ya dubi hagu, mutane. To, ashe ba wannan ne shirin ba tun farko? Wa ya ce dole sai da gaba ake shiga gari? Ya bar kiɗan gobara, ya sako taken Vilar de Fragas, yana jujjuya gula a sama tsakanin bugu da bugu. Can baya Natércia ta taho a kan wani allo tana tuƙi kamar ana korarta, tana ihu. Ya ɗaga mata gira, irin ta "kin gani ko?"

Ganga in ta cika zaƙi, an san abin da ke biyo baya.

Ta wutsiyar ido ya hango jajayen riguna: 'yan Souto Seco, jere a tebura, da gasasshen kifi a gabansu. Ga Amílcar ya miƙe tsaye, cokali a hannu, baki buɗe. A teburin kusa ga namu, Mestre Ilídio ya dafe kai da hannu biyu. Ti Belmiro ya ji daɗin da bai ji ba ko ranar aurensa. Sai ya ga jama'a duk sun ɗaga hannu suna nuna bayansa, suna ihu da murya ɗaya.

"Gada! Gada! Sunkuya!"

Shi abin da ya ji, "Gaba! Gaba!" Ya ƙara miƙewa, ya ɗaga gula sama ya yi wa Amílcar gaisuwar soja.

Gadar ƙafa ce, 'yar gajeruwa. Ta same shi a kafaɗu, tim! Ya saki gula ya rungumi ƙarfen gada ta baya. Allo kuwa bai ga dalilin tsayawa ba, ya wuce ta ƙasa, igiya ta miƙe, ta ja ƙafarsa. Ya zama rabi na gada, rabi na ruwa, ganga a tsakiya, wandon kaki yana faɗin abin da ke ransa tun daga ɗinkin baya, ɓarrr.

"Riƙe da kyau, kyaftin!" Amílcar ya ƙwala. "Jirgi na zuwa!"

Bai riƙe ba. Ya faɗa ruf da ciki a kan ganga. Ta yi ƙara ɗaya, wadda ta fi duk wadda ta yi a shekara talatin da ɗaya, sannan ta yi shiru. Ruwa ya rufe su. Da rigar ceto ta dawo da shi sama, a rigingine ya fito, ganga a kan tumbi, yana fesar da ruwan gishiri. Natércia ta iso. Ta kama igiyar ƙafarsa ta ja shi ta ƙafa, a gaban badujala biyu da rabin gari, har matakalar bakin ruwa.

Mabusa huɗu suka fito da shi. Mestre Ilídio bai dube shi ba, ganga ya duba. Fatar gefe ɗaya ta yage daga baki zuwa baki, ɗayar ta yi laushi kamar tsumma. Ya karkata ta, taɓo ya zubo, sai wata ƙaramar ƙaguwa ta fito ta yi tafiyarta a karkace.

"Compadre," in ji Ti Belmiro, don Ilídio ne uban baftismar 'yarsa, "iskar garin nan..."

"Kada ka kira ni compadre. Ƙarfe nawa?"

"Biyu da rabi," in ji wani.

"Biyu da rabi. Mutum ashirin da shida sun yi wata uku suna gwaji. Mun taso tun asuba. Badujala ba ganga, jana'iza ce. In ba mu zagaya yau ba, Belmiro, ka mayar da kakin nan, kuma ka nemi wanda za ka riƙa yi wa aski, don ni ko gemuna zai kai gwiwa ba zan sake zama a kujerarka ba."

Ba wanda ya yi dariya a nan. Ti Belmiro ya dubi sunan garinmu a jikin ganga, jan fentin duk taɓo. Babbar ganga ɗaya ce ta rage a kusa, kowa ya san ta wa ce.

Ya taka, takalmi na caɓal-caɓal, Zulmira na biye ta kare masa baya da jaka, har teburin Souto Seco.

"Amílcar."

"Na'am, kyaftin. An sauka lafiya?"

"Ku ne farko, mu ne ƙarshe. In kun gama zagayenku... a ba mu aron ganga."

"Me ka ce? Ruwa ya shiga mini kunne."

"Na ce don Allah."

Amílcar ya cire ƙayar kifi daga haƙori, ya duba ta da kyau. "Gangata ba ta iya iyo ba. Kuma ba hannun da ke taɓa ta sai nawa. Ni zan kaɗa muku." 'Yan garinmu suka yi gunaguni, ya ɗaga hannu. "Sai dai bayana ya tsufa, ba zai ɗauki zagaye biyu ba. In kuna da jaki, a ɗaura masa ita a gadon baya, ya shiga gaba, ni in bi ina bugu."

"Ina za mu sami jaki a Aveiro?" in ji Mestre Ilídio.

Ti Belmiro ya ja numfashi.

"Akwai ɗaya," in ji shi. "Yanzu aka fito da shi daga wanka."

Saura tufafi. Kaki ya jiƙe, wando ya zama biyu. Natércia, wadda ta dawo da filafilinta ta huce, ta kawo masa baƙar rigar roba irin ta masu ninƙaya, mai haɗe da wando. Mutum uku suka cusa shi ciki, Zulmira ta ja zif tana taka masa ƙafa. Rigar ba ta bar wa jama'a abin da za su yi hasashe a kai ba.

"Ba zan fita haka ba."

"Ranar wanka ba a ɓoyon cibi," in ji Zulmira. "Kai kuma naka wankan gari guda ya gani. Wuce."

Haka badujalar Vilar de Fragas ta zagaya Aveiro: mabusa ashirin da biyar cikin shuɗin kaki, da mahaucin Souto Seco cikin jar riga, da Ti Belmiro a gabansa, a sunkuye, baƙi wuluk yana sheƙi, da gangar abokin gaba a gadon baya. Amílcar bai taɓa kiɗa da zuciya ɗaya irin na ranar ba. Duk bugu sai ya shiga ta kafaɗa, ya bi ƙashin baya, ya fita ta haƙora. Mutane suka gane shi, suna nunawa, "Ga na ruwan nan! Ga na ruwan nan!" Tsofaffin nan masu ƙugiya suka cire masa hula. Har limamin cocin da ke tafe gaban mutum-mutumin waliyyi sai da ya waiwayo sau biyu, kafaɗunsa na girgiza.

Amma an zagaya. Kiɗa bai karye ko sau ɗaya ba, kuma mabusanmu, ko don haushi ko don kunya, sun busa kamar ransu zai fita. Da aka tsaya a ƙofar coci aka kwance masa ganga, bai iya miƙewa ba. Amílcar ne ya dafa masa baya da gwiwa ya ja kafaɗunsa har suka yi ƙas, sannan ya ce ƙasa-ƙasa, ba tare da ya dube shi ba, "Ina da fatar bunsuru biyu a gida, masu kyau. Ka aiko da gangarku ran Talata."

"Ba na so."

"Ba kai na ba wa ba. Ita na ba wa."

A bas, kan hanyar gida, an wuce garuruwa uku Ti Belmiro bai ce komai ba, abin da bai taɓa faruwa ba tun da muka san shi. Yana zaune a kan matashi biyu, da mayafin Zulmira a kafaɗa, fasasshiyar ganga a kujerar gefe. Shirun ya dami Mestre Ilídio har ya taso daga gaba ya tsaya a kansa.

"Compadre, kana da rai?"

Ti Belmiro ya ɗora tafin hannu a kan yagaggiyar fatar, a hankali.

"Ilídio, shekara talatin da ɗaya ina dukan baiwar Allahn nan, ina cewa waƙa take yi," in ji shi. "Yau na ji daga ciki. Ashe ihu take."